Darasin Sana'ar Hannu: Ɗinkin Kuros da Ƙyallen Samfur

Yau darasinmu a kan wani tsohon ɗinkin hannu ne da ake kira ɗinkin kuros, wato wanda zare biyu ke gilma juna su ba da siffar alamar sau ta lissafi (×). Matan Turai da Amurka da dama sun ajiye shi shekara da shekaru, sai zaman gida na annobar korona a 2020 ya sa suka lalubo allurarsu, shagunan kayan sana'ar hannu kuma suka shiga neman kayansa. Za mu duba asalinsa, yadda ake yinsa, da abin da ya kamata ki sani kafin ki zuba jarinki a kayansa.

Mene ne ƙyallen samfur?

A da can, littafin zane ba ya samuwa ga kowa. Idan mace ta ga wani ado ya burge ta a jikin kayan maƙwabciya, sai ta kwaikwaye shi a kan wani ƙyalle ta adana, don ranar da za ta buƙace shi. Wannan shi ne ƙyallen samfur, littafinta ke nan na allura.

A gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan akwai irin waɗannan ƙyallaye da aka samo daga Masar, na ƙarni na 14 da na 15. A can kuma ake ajiye da na Jane Bostocke, mai ɗauke da shekarar 1598, wanda shi ne mafi tsufa cikin na Ingila masu kwanan wata. Ta yi shi da zaren siliki a kan lilin, ta rubuta ranar haihuwar wata yarinya mai suna Alice Lee a jiki. A ƙarni na 18 da na 19 abin ya koma darasin makaranta: yarinya za ta ɗinka haruffa da lambobi, ta sa sunanta da shekarunta. Da wannan ilimin take sa alama a zannuwan gado da tufafin gida don kada su ɓace wajen wanki. Matan Falasɗinu ma da wannan ɗinki suke ƙawata rigunansu, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da ake karewa a 2021.

Kayan aiki

Na farko ƙyalle. Mai koyo ta fara da Aida, yadin auduga ne mai ramuka a jere. Lambarsa na nuna yawan ɗinki a inci ɗaya, kuma lamba 14 tana da sauƙi ga ido. Na biyu zare. Na kamfanin DMC na Faransa sili shida ne a murɗe, tsawon kowane ƙulli mita 8, amma sili biyu kawai za ki zare ki yi aiki da su. Na uku allura maras tsini, lamba 24, domin ta bi rami ba tare da ta tsaga yadi ba. Sai zoben katako na ɗame ƙyalle, da ƙaramin almakashi.

Yadda ake yi

Sirrin aikin nan ƙirge ne, 'yar'uwa. Kowane gida a takardar zane ɗinki ɗaya ne a ƙyalle. Ninka ƙyallen gida huɗu ki gano tsakiya, daga nan ki fara. Ki fito da allura ta ramin ƙasa na hagu, ki shiga na sama na dama, ki yi ta haka har ƙarshen layi, sannan ki dawo kina gilma su. Zaren sama ya riƙa kallon gefe ɗaya daga farko har ƙarshe, in ba haka ba aikin zai fito a hargitse. Kada ki ƙulla zare. Ki bar ɗan wutsiya a baya, ɗinkin farko su danne shi.

Kafin ki yanka yadi ki yi lissafi. Misali, zane mai faɗin ɗinki 140 a kan lamba 14 zai ci inci 10. Ƙara inci 3 a kowane gefe, kin ga 16 ke nan. Wadda ta yanka kafin ta ƙirga, ita da yadinta sai haƙuri.

Ga mai shago

Masu son kwaikwayon samfur irin na da ba Aida suke nema ba. Lilin suke so, lamba 28 ko 32 har zuwa 40, mai launin ruwan shayi ko na madara, da zare mai sanyin launi, da takardun zanen da aka kwafo daga tsofaffin ƙyallaye. A kan lilin zare biyu ake tsallakewa a kowane ɗinki, shi ya sa lamba 28 ke ba da girma daidai da Aida 14. Idan ba ki san wannan ba, za ki sayar wa mace yadin da bai ishe ta ba, kuma da wuya ta sake dawo miki.

Kada ki kwashi launuka barkatai. Zaɓi zane biyu ko uku, ki sayo zaren da suke buƙata, ki haɗa kowane a leda ɗaya da yadinsa da allurarsa. Da lamba ake sayen zare, misali 310 baƙi ne, 321 ja. Ki ɓoye shi daga rana da ƙura. Zaren da aka rina da hannu yakan zuba, don haka ki jiƙa ɗan guntu a kan farin ƙyalle ki gani, ki kuma gaya wa mai saye. Sannan sabon yadin da aka rina ya yi kama da tsoho, ki faɗa mata sabo ne. Ciniki amana ne.

Aikin gida

Samu ƙyalle inci 8, ki ɗinka harafin farko na sunanki da shekarar bana, ki zaunar da ɗiyarki kusa da ke tana ƙirga miki gidajen. Allah Ya sa albarka a hannayenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.