Kafin Ka Kai Kiɗanka Rumbun Sayarwa, Wa Ya Saurara?

Wani matashi daga Safana ya rubuto mini cewa yana haɗa kiɗa zalla, marar waƙa, da FL Studio, yana turawa rumbunan intanet irin su Pond5, inda masu fim da masu talla ke sayen kiɗan da za su shimfiɗa ƙarƙashin hoto. Duk abokin da ya aika wa ta WhatsApp amsarsa ɗaya: "Wallahi ya yi!" Amma rumbun sai ya dawo masa da kayansa.

Ƙanena, matsalar tana wajen waɗanda kake tambaya. Abokinka da kunnen biki yake saurare, yana jiran inda zai gyaɗa kai. Shi kuwa kiɗan rumbu kamar tabarma yake, a kansa magana da hoto ke zama. Saboda haka nemi masu aiki da shi: mai tace bidiyon biki a Batsari ko Dutsin-Ma, mai haɗa talla a gidan rediyo a Katsina, in ka samu hanya har editan Kannywood a Kano. Kada ka ce musu "ya kuka ji?" Tambaye su a wace daƙiƙa suka gaji, a ina za su yanke, kuma wane irin fage za su sa wa wannan kiɗa. In mutum uku suka ba ka fage uku mabambanta, ɗaya ya ce makoki, ɗaya ya ce soyayya, to kiɗan bai san inda ya dosa ba.

Kafin ma ka tura, ɗauki muryarka kana karanta sanarwa ka ɗora a kai. Sarewa da kukuma suna zama ne daidai inda muryar mutum take, sai su yi ta kokawa da ita. Saurara kuma a lasifikar waya, domin a nan ƙasan kiɗa yake ɓacewa.

Ga wanda matasa ke mantawa da shi, kuma a ganina ya fi kowa amfani: tsohon makaɗi. Abin da za ka fi ɗan Legas ko ɗan Landan da shi shi ne kalangu na gaske, da garaya, da sarewar makiyaya. Amma kalangu magana yake yi. Bugun da kake ji kamar ado ne zai iya zama taken wani ɗan dambe ko kiɗan mahauta, kai kuma ka sayar a ɗora shi kan tallar sabulu. Makaɗi zai gane wannan cikin bugu biyu. In kuma shi ya buga maka, ku rubuta yarjejeniya ya sa hannu, don rumbu zai so tabbacin cewa haƙƙin duka naka ne.

Ba kowace shawara ake bi ba. Abokan sana'a sun iya gano inda ke ciwo, amma maganin da suke bayarwa yawanci irin nasu kiɗan ne. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, ajiye shi. Abin da uku da ba su san juna ba suka faɗa, gyara shi.

Na san halin sabis a yankinku, wanda har rufe shi aka yi a 2021 saboda matsalar tsaro. Saboda haka tura wa masu saurarenka ƙaramin MP3 mai tambarin muryarka a ciki, ya fi saurin tafiya kuma ya fi wuyar sata. WAV na asali ya tsaya wurinka. Idan gyara ya kammala, ka rufe kiɗan da bugu ɗaya tsayayye, ka fitar da na daƙiƙa 15 da 30 da 60, sannan ka sake gwada rumbun.