Jarin Banda Ba Kuɗin Gyaran Koma Ba Ne

Na gaji da jin wata magana a bakin masunta, daga Nguru har Yawuri: wai bandar da mata ke yi ta sayen omo da man shafawa ce kawai, koma ce ke riƙe da gida. Wace koma?

Su sana'a ce ta yau samu gobe rashi. Idan ruwa ya cika da damina kifi ya bazu cikin fadama, maigida sai ya kwana a kwalekwale ya dawo da abin da bai kai na miya ba. Idan ruwa ya ja baya, tarwaɗa da karfasa su yi yawa har farashi ya karye. A yankin Haɗeja da Nguru ma, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliya ta ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa.

Wadda ke cike giɓin ita ce matar da ta sayi kifi lokacin araha, ta banda shi, ta adana, ta fitar lokacin tsada. Da ribar nan take zubin adashe, take sayen gero da kaka, take kai yaro asibiti.

Saboda haka, uwargida, kada ki taɓa uwar kuɗi. Ko maigida ya ce koma ta yage, ko biki ya taso, ko an fitar da anko. Riba ake ci. Ranar da kika cinye jari, ranar kika koma karɓar kifi bashi a hannun dillali, shi zai yanka miki farashi, ki sha hayaƙi shi ya kwashe riba. In dole ne ki ba maigida, ki ba shi rance a gaban shaida, ya biya da kifi. Malam, kai ma kada ka ji haushi. Kuɗin nan su za su ciyar da kai a watan da ruwa ya hana.

Ki tsara kwasar adashenki ta faɗo lokacin da ruwa ke janyewa. Ki busar da kifi sosai, ki riƙa sake masa wuta. Kada ki fesa masa fiya-fiya don ƙwari, guba ce.

Masu rabon tallafi kuma, kullum koma da injin jirgi ga maza. Murhun banda mai cin itace kaɗan irin Chorkor na Gana, da rance marar ruwa ga ƙungiyoyin mata, sai yaushe?