Amsoshin Tambayoyinku: Hotunan ƙasar Sin da ɗan daudun gidan biki

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoto ne a Madawa, ina bin bukukuwan aure da na suna har Buza da Keita. Ƙanena da ke karatu a ƙasar Sin ya turo mini hotunan wani ɗan ƙasar mai suna Ren Hang: samari da ƴan mata tsirara, maza sun shafa jan baki, wasu sun rungumi juna. Ya ce a Turai ana rataye su a manyan gidajen nune-nune. Shin Turawa ne suka koya wa Sinawa wannan hali? Sannan ina da hotunan wani ɗan daudu mai girki da na ɗauka a wani biki, sun fito da kyau ƙwarai, ƙanen nawa ya ce in sa su a intanet ko in aika da su gasa. Mece ce shawararku? Daga wani mai karatu a Madawa, jihar Tawa.

Amsa: Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, domin akwai rayuwar mutum a cikinta, amma sai mun bi ta kan ta farko kafin mu isa gare ta.

An haifi Ren Hang a 1987 kusa da birnin Changchun, can arewa maso gabashin Sin. Ya je Beijin karatun harkar talla, karatun ya gundure shi, sai ya samu ƴar ƙaramar kyamara mai fim, irin mai arhar nan, ya fara ɗaukar abokan ɗakinsa. Kai da kake cikin sana'ar za ka lura da yadda yake watsa filas kai tsaye a jiki, ba ya neman inuwa mai laushi, ga jan baki da jan farce, ga macizai da tantabaru da ɗawisu, ga jikkuna a jere bisa rufin dogayen benaye. Yawancin mutanen da ke ciki abokansa ne, sauran kuma matasa ne da suka ga aikinsa suka rubuto masa da kansu suna so ya ɗauke su. Bai taɓa ɓoye cewa shi maza yake so ba. Ƴan sanda sun kama shi ba sau ɗaya ba yana tsakar aiki, an sha soke nune-nunensa a gida, an kuma sha rufe shafukansa. Ya daɗe yana fama da ciwon damuwa, yana rubuta halin da yake ciki a fili kowa na karantawa. A ranar 24 ga Fabrairun 2017 ya kashe kansa a Beijin yana da shekara 29, makonni kaɗan bayan kamfanin Taschen na Jamus ya fitar da babban littafin hotunansa, nuninsa kuma yana gudana a gidan hotuna na Foam a Amsterdam. Ba na son kowa ya rataya mutuwarsa a wuyan dalili guda. Ciwon damuwa ciwo ne, yana kama malami yana kama ɗan kasuwa.

Batun cewa Turawa suka kai musu wannan hali, tarihin Sinawa da kansa bai yarda ba. Littattafan daular Han sun kawo labarin Sarki Ai, wanda ya yi mulki daga shekara ta 7 zuwa ta 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da wani saurayi bafadensa, Dong Xian. Saurayin ya yi barci a kan hannun rigar sarki, sarki yana son tashi, sai ya yanke hannun rigar don kada ya tashe shi. Shekara dubu biyu ke nan ana ba da wannan labari a can. A wasan kwaikwayonsu na gargajiya kuma maza ne suka daɗe suna fitowa a matsayin mata, kuma gwanin gwanaye a wannan fage, Mei Lanfang, wanda ya rasu a 1961, magidanci ne mai mata da ƴaƴa da ƙasar ke alfahari da shi har yau. Tsangwamar ma ta gida ce da daɗewa, don daular Qing ta kafa dokar bulala a kan saduwar namiji da namiji tun 1740. Gwamnatin Kwaminisanci ta riƙa kama irin waɗannan mutane da wata dokar hana iskanci da tada zaune tsaye, har aka soke ta a 1997. A 2001 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtukan tabin hankali. Auren jinsi kuwa dokar Sin ba ta san shi ba.

Inda ƙanenka ya yi gaskiya shi ne kasuwar. Masu sayen hotunan da masu buga littattafan galibi a Turai da Amurka suke, kuma suna son su karanta kowane hoto a matsayin tawaye ga gwamnatin Beijin. Ren Hang ya sha musanta cewa siyasa yake yi. Ni a ganina abin da ya fi matse wa waɗannan matasa wuya yana cikin gida. Daga 1980 zuwa ƙarshen 2015 dokar ƙasar ta taƙaita yawancin iyalai a kan ɗa guda. Ka ɗauka kai kaɗai iyayenka suka haifa, kai ne za ka ba su jika, kai ne za ka ɗauki sunan gidan, kuma duk bikin sabuwar shekara dangi na tambayarka yaushe za ka yi aure. Har ta kai wasu maza da mata masu son jinsinsu suna ƙulla auren yarjejeniya a tsakaninsu don hankalin iyaye ya kwanta. Bahaushe ya san nauyin wannan tambaya ta aure sarai. Ga mai irin wannan rayuwa, ɗakin abokai da kyamara a hannun aboki shi ne wurin da ba sai ya yi ƙarya ba.

Akwai wanda ya riga Ren Hang, kuma labarinsa ya fi kusa da tambayarka. Ma Liuming, haifaffen 1969 a lardin Hubei, ya karanci zane, ya koma wata unguwar talakawa a gefen Beijin a 1993 inda matasan masu fasaha suka taru. Yana da doguwar suma da fuska mai laushi. Sai ya riƙa yin kwalliyar mata a fuska ya bar jikinsa na namiji a bayyane, abokinsa Rong Rong yana ɗaukar hoto. A 1994 ƴan sanda suka tsare shi kimanin wata biyu. Bayan ya fito ya ƙirƙiro wani salo da nake ganin duk mai kyamara ya kamata ya sani: yakan zauna a dandali, ga kujera a gefensa, ga kyamara a kafe, duk ɗan kallon da ya ga dama ya zo ya zauna kusa da shi ya danna maɓallin da hannunsa. Wanda bai so ba, ba ya cikin hoton.

Kada kuma ka zaci ƙofar a buɗe take a can yanzu. Taron shekara-shekara na masu son jinsi a Shanghai ya tsaya a 2020. A Satumban 2021 hukumar kula da talabijin ta hana nuna maza masu ɗabi'ar mata. Cibiyar da take ba masu son jinsi shawara a Beijin, wadda aka kafa a 2008, ta rufe a Mayun 2023.

To mu dawo gida. Namiji mai yin abu kamar mata ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma ba jirgin sama ya kawo shi ba. Kai ka fi ni sanin cewa a tashoshin mota da kasuwanni, daga kan babbar hanyar da ta ratsa Madawa har Maraɗi da Kano, an daɗe ana cin soyayyar kaza da tuwon ƴan daudu, kuma uwar biki ta san wanda za ta kira idan tukwane sun yi yawa. A bori, wanda wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta yi shekaru tana nazarinsa a nan Adar har ta fitar da littafi a 1989, namijin da iska mace ta hau yakan ɗaura zane, macen da iska namiji ya hau takan sa riga da rawani. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da ƴan daudun Kano a shekarun 1990 ya buga littafinsa a 2009, kuma abin da ya samu ya yi daidai da abin da tsofaffinmu suka sani: da yawansu suna da mata da ƴaƴa, suna salla suna azumi, wasu sun sauke farali, kuma daudanci ba shi ne shaidar abin da mutum yake yi a ɓoye ba. Wannan muhimmin abu ne a wurinka. Mai girkin da ka ɗauka, abin da ka sani game da shi bai wuce girkinsa da tafiyarsa da maganarsa ba. Ranar da hotonsa ya shiga gasa a Turai, za a rubuta masa wani suna a ƙasan hoton da bai taɓa kiran kansa da shi ba. Ranar da ya faɗa zaurukan WhatsApp na gida, za a rubuta masa wanda ya fi wannan muni.

Ka tuna irin hotunan ƴan daudu da muka saba gani a waya. Kusan duk na kamu ne: an jera su a bakin ofishi, an tilasta su ɗaga kai, ana ɗauka. A Bauchi a 2007 an kama maza 18 a wani otal aka ce sun yi shigar mata. A Gombe a Oktoban 2023 jami'an tsaro sun kama mutum 76 a wani taron biki. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, kuma a cikin watan nan jama'a suka yi ta jifa a bakin wata kotun shari'a a Bauchi suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma. A Nijar ma, a Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazoum, ya bayyana niyyar tsananta hukunci a kan lamarin. Yankin Madawa yana iyaka da jihar Sakkwato, mutanenmu suna cin rani a Kano da Zariya da Legas, don haka hoton da aka sa a Madawa da safe yana iya riga mai shi isa tashar da yake neman abinci. Ana cewa magana zarar bunu ce. Hoto ya fi ta, don ita magana ana iya musunta ta.

Ban zo in yi maka fatawa ba. Hukuncin luwaɗi a wurin malamanmu sananne ne, kuma ba wanda ya nemi ka sauya aƙidarka don ka kalli hoton Ren Hang ko ka ƙi kallonsa. Amma addinin nan dai shi ne ya hana zato da bin diddigi da cin naman mutum a Suratul Hujurati, shi ne kuma ya yi alkawarin rufin asiri ga wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Abin yana ci mini rai idan na ga mai salla biyar yana tura hoton bawan Allah daga zaure zuwa zaure yana dariya, bai san ko mutumin yana da ƴa budurwa da ake neman aurenta ba, ko tsohuwar da shi kaɗai ke ciyar da ita.

Masu ɗaukar hoto a Afirka sun san haɗarin. Zanele Muholi ta Afirka ta Kudu tun 2006 take ɗaukar hotunan baƙaƙen mata masu son mata, tana ɗaya daga cikinsu, kowace kuma da yardarta take tsayawa gaban kyamara. Duk da haka a 2012 aka fasa gidanta a Cape Town aka kwashe ma'ajiyan hotuna fiye da 20, aikin shekara biyar. A ɗaya gefen kuma ga Seydou Keïta na Bamako, wanda mutane suka riƙa zuwa shagonsa suna biya a ɗauke su don su aika wa dangi. A 1991 aka rataye wasu daga cikin hotunan a New York ba tare da ko sunansa ba, balle a tambayi matan da ke ciki. Su an ci sa'a kwalliya da mutunci kawai hoton ya nuna. Naka ba haka yake ba.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka sa su a intanet, kada ka aika gasa. Uwar biki ta ɗauke ka aikin biki, shi kuma mai girkin ya tsaya maka ne a matsayin mai hoton biki, yardarsa ba ta wuce nan ba. Ka wanke mafi kyawu guda biyu ko uku, ka kai masa hannu da hannu ba a gaban jama'a ba. Idan har zuciyarka ta kafe a kan gasar, ka zauna da shi ka gaya masa komai dalla-dalla: ƙasashen da hoton zai je, abin da za a iya rubutawa a ƙasansa, da cewa ba mai iya dawo da shi. Ka ba shi kwanaki ya yi shawara, kada ka sa kuɗi a tsakani, domin mai neman na cefane zai iya cewa to a kan abin da zai dame shi shekara goma. In ya ce a'a, magana ta ƙare. In ma ya ce e, ka sake auna matarsa da ƴaƴansa, waɗanda ba a tambaye su ba. Gwanintarka kuwa tana da inda za ta fito ba tare da fuskarsa ba: hannuwan da ke tuƙa tuwon mutum ɗari, jerin tukwane a kan murhu, masu saƙar tabarmin Madawa, masu noman albasa a fadama, matan Keita da suka jera duwatsu a kan tuddai tun zamanin aikin farfaɗo da ƙasa na 1984, duk suna jiran mai ido irin naka.

Sai abu na ƙarshe, wanda masu sana'arku da yawa ke sakaci da shi. Ka kwashe hotunan daga salula ka mayar da su kan katin da ke zama a gida. Ka goge waɗanda ka riga ka tura wa ƙanenka, ka ce shi ma ya goge nasa. Kuma duk ranar da Tecno ɗinka ta lalace za ka kai wa mai gyara a kasuwa, ko za ka sayar da ita, ka cire katin ka share ma'ajiyar hotuna tukuna.