Ƙara Girman Ƙaramin Hoto: Darasi Daga Gonar Masara

A farkon shekarar 1957 wani masani mai suna Russell Kirsch, a ƙasar Amurka, ya shigar da hoton jaririn ɗansa cikin kwamfuta, kuma wannan hoto yana cikin na farko da aka taɓa mayarwa lambobi. Faɗinsa ɗigo 176 ne, tsayinsa ma ɗigo 176. A yau wayar da ke aljihun manomi a Tsiga, cikin ƙaramar hukumar Bakori, tana ɗaukar hoto mai ɗigo miliyan 12 ko fiye. Duk da wannan ci gaba, tambaya guda ba ta daina zuwa wa masu shagon hoto da malaman gona ba, wato: shin za a iya ƙara wa ƙaramin hoto girma ba tare da ya dushe ba? Amsar tana buƙatar a fara sanin abin da hoton ya ƙunsa.

Mene ne ɗigon hoto?

Hoton waya ko na kwamfuta tarin ƙananan murabba'ai ne da aka jera sahu-sahu, kowane ɗaya da launi guda tak. Shi wannan murabba'i ake kira fiksel, amma a nan za a kira shi ɗigo. Mai karatu zai iya kwatanta shi da aikin hula: daga nesa ana ganin zane mai kyau, amma idan aka matso da ita kusa da ido sai a ga sukar allura ce ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wani zane da ke ɓoye a cikin suka guda. Haka ɗigo yake. Duk abin da ya faɗa cikinsa a lokacin ɗaukar hoto, ko ganye ne ko ƙasa ko ƙafar ƙwaro, an gauraye shi ya zama launi ɗaya, kuma ba a sake rarrabe shi.

Idan aka ninka faɗin hoto da tsayinsa sau biyu, yawan ɗigon da ake buƙata ya ninku sau huɗu. Ke nan a cikin kowane ɗigo huɗu na sabon hoton, uku ba su taɓa wucewa ta idon kyamara ba. Dole ne na'ura ta samo su daga wani wuri.

Tsutsa a cikin mazurarin masara

Wannan magana ba ta masu ado da hoto kaɗai ba ce. A shekarar 2016 aka fara tabbatar da ɓullar tsutsar masara mai suna Spodoptera frugiperda a nahiyar Afirka, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da aka fara ganinta. Asalinta daga nahiyar Amurka take. Tana shigewa tsakiyar ganyen masara, inda ya naɗe kamar mazurari, ta ci ta bar huji da kashi mai kama da garin katako. Yankin Funtuwa da Malumfashi kuwa, kamar yadda aka sani, yana cikin manyan wuraren noman masara a Arewa. Masana ƙwari suna bambanta ta da sauran tsutsotsi ta alamomi biyu: wani farin zane a goshinta mai kama da harafin Y da aka kifar, da kuma baƙaƙen tabo huɗu da suka zauna a murabba'i kusa da wutsiyarta. Kowane tabo bai kai milimita guda ba.

A ɗauka manomi a Tsiga ya ga ɓarna a gonarsa, ya tsaya kimanin mita ɗaya daga shukar, ya ɗauki hoto domin aika wa malamin gona. Daga wannan nisa, kyamarar waya tana ɗaukar fili mai faɗin kusan mita ɗaya da sulusi. Idan hoton yana da ɗigo 4000 a faɗi, kowane ɗigo ya rufe sulusin milimita, tsutsa mai tsawon milimita 35 kuma ta sami ɗigo ɗari da ɗoriya. Da wannan, mai yiwuwa a hangi tabon. To amma sai ya aika ta WhatsApp, wadda bisa al'ada take rage hoto zuwa kimanin ɗigo 1600 domin tattalin data. Yanzu kowane ɗigo ya rufe kusan milimita guda, tsutsar gaba ɗayanta ta koma ɗigo arba'in da 'yan kai, tabon nan huɗu kuwa sun narke cikin launin jikinta. Malamin gona zai ja hoton da yatsu biyu har ya cika fuskar wayarsa, amma abin da zai gani shi ne wani dogon abu ruwan ƙasa. Bisa wannan ne za a yanke shawarar wane magani za a saya, da ko feshin ma ya zama dole.

Ɗaliban ilimin halittu sun san irin wannan matsala tun kafin zuwan waya. A shekarar 1873 Ernst Abbe, masani ɗan ƙasar Jamus, ya nuna cewa na'urar duba ƙananan halittu mai aiki da haske ba ta iya raba abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin kashi ɗaya cikin dubu biyar na milimita. Ana iya ƙara gilashi a kan gilashi har abu ya ninku sau dubu uku, amma bayan wajen sau dubu ɗaya ba a ganin wani sabon abu, sai dai girma da dishi-dishi. Masana suna kiran wannan holoƙon girma. Wanda ya ƙara wa kunu ruwa ya cika ƙwarya, amma gasarar tana nan yadda take.

Hanyoyin cike gurbi

Tsofaffin hanyoyi duk lissafi ne. Mafi sauƙi ita ce a kwafi launin ɗigon da ya fi kusa, abin da ke sa gefen hoto ya fito kamar matakala. Ta biyu tana ɗaukar matsakaicin ɗigo huɗu na kewaye. Ta uku, wadda Robert Keys ya bayyana lissafinta a 1981, tana duba ɗigo goma sha shida, kuma har yanzu ita ce manhajojin gyaran hoto da yawa suke amfani da ita. Hoton yana fitowa sumul, amma da laushi. Abin yabo ga waɗannan hanyoyi shi ne ba sa ƙaga abin da babu shi.

Daga shekarar 2014, lokacin da Chao Dong da abokan aikinsa a wata jami'a ta Hong Kong suka gabatar da tsarin SRCNN, al'amarin ya sauya salo. Ana nuna wa kwamfuta dubban hotuna, kowanne da babbansa da ƙaraminsa, har ta koyi yadda gashi da ganye da fata suka saba kasancewa. Idan aka ba ta ƙaramin hoto sai ta zana abin da ta ga ya fi dacewa da gurbin. Tsare-tsare irin su ESRGAN na 2018, da manhajojin waya irin su Remini, duk a kan wannan tafarki na ƙirƙirarriyar basira suke, kuma gaskiya ne sakamakonsu yana ƙayatarwa. Sai dai ya kamata a lura da kalmar da aka yi amfani da ita: zanawa take yi. A shekarar 2020 an ba wani tsari mai suna PULSE, na Jami'ar Duke, dusasshen hoton tsohon shugaban Amurka Barack Obama, sai ya fito da fuskar wani Bature garau, mutumin da bai taɓa rayuwa ba. Na'urar ta cike gurbin ne da irin fuskokin da ta fi gani a lokacin koyo. A 2024 kuma wani alƙali a jihar Washington ya ƙi karɓar bidiyon da aka gyara ta irin wannan hanya a matsayin shaida a shari'ar kisan kai.

Idan aka dawo gonar Tsiga, haɗarin a fili yake. Manhajar da ta saba ganin tsutsa mai tabo tana iya ɗora tabo a jikin wadda ba ta da shi, ko ta shafe na wadda take da shi domin ta ɗauke shi a matsayin datti. Dusasshen hoto yana sa malami ya ce a sake ɗauko wani. Hoton da aka gyara ya fito fes ba ya sa kowa shakka, kuma wannan ne ya sa ya fi muni a wajen gano cuta ko ƙwaro.

Akwai hanya guda da take ƙara bayani na gaskiya, ita ce haɗa hotuna da yawa na abu ɗaya. Hannun mai ɗauka yana ɗan rawa, saboda haka kowane hoto yana kama abin da ɗan'uwansa ya tsallake. Wayar Pixel 3 ta kamfanin Google ta fito da wannan dabara a 2018. Amma tana aiki ne a lokacin ɗauka, ba ta da amfani ga hoto guda da ya riga ya shiga hannu.

Abin da ya kamata a yi

Maganin yana wajen ɗaukar hoton. Idan manomin nan ya ciro tsutsar, ya ɗora ta a kan ganye ko farar takarda, ya matso da waya zuwa santimita goma ko goma sha biyar, a inuwa mai haske, tsutsar za ta sami ɗaruruwan ɗigo ko bayan an rage hoton. Ya goge gilashin kyamarar, ya taɓa fuskar wayar a daidai jikin tsutsar domin ta fito sarai, ya ɗauki kai daban, wutsiya daban. Jawo abu da yatsu kafin ɗauka ba ya maye gurbin matsowa, domin a yawancin wayoyi yanke hoton kawai ake yi a ƙara masa holoƙon girma. Wajen aikawa kuma, a tura shi ta inda ake tura takardu, ta nan yana isa yadda aka ɗauke shi, ko a zaɓi alamar HD da WhatsApp ta ƙara a 2023. Hoton da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, ko aka ɗauko daga fuskar wata wayar, yana iya yin asara a kowane zango, saboda tsarin JPEG yana zubar da wani ɓangare na bayani duk lokacin da aka sake matse hoto.

Game da tsohon hoton iyaye ko kakanni da ake son ratayawa a bango, a nan akwai sassauci, kuma idon ɗan Adam ne ya kawo shi. Hoton da za a riƙe a hannu yana buƙatar kimanin ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai ɗigo 640 a faɗi ba zai wuce santimita biyar da rabi ba. Amma daga nisan mita biyu, lafiyayyen ido ba ya rarrabe abin da ya gaza kimanin rabin milimita. Wannan ne dalilin da ya sa manyan allunan talla na bakin titi suke kyau daga nesa alhali ɗigonsu manya ne ƙwarai. Ƙaramin hoton fasfo mai faɗin santimita uku da rabi, idan aka kwafe shi da sikana a kan ɗigo 600 a inci, zai ba da ɗigo sama da 800 a faɗi, kuma wannan ya isa a buga hoton bango madaidaici wanda za a kalla daga tsakiyar ɗaki. Wanda ya so ya ƙara da manhajar ƙirƙirarriyar basira yana iya yi, amma ya ajiye na asali daban, sannan ya nuna sabon ga wani dattijo da ya san mai hoton, domin irin waɗannan manhajoji suna iya goge zanen fuska, kamar bille ko kalangu, su sauya siffar ido da haƙora.