Siffantawa da Kayan Yaƙi a Wasiƙar Afisawa

Ɗalibin da ke nazarin adon harshe yakan nemi misalansa a waƙa da karin magana, ya manta da littattafan addini, alhali kuwa cike suke da shi. Wannan ɗan nazari zai duba wani yanki na Littafi Mai Tsarki, wato Afisawa sura ta 6, aya ta 10 zuwa ta 18, inda aka siffanta mai bi da mayaƙin da ya sha kayan yaƙi.

Bisa abin da Kiristoci suka gada, Manzo Bulus ne ya rubuta wasiƙar yana tsare a Roma, wajen shekara ta 60 zuwa 62 miladiyya, zuwa ga masu bi na Afisa, birnin da kangonsa ke ƙasar Turkiyya a yau. Wasu masana na ganin wani almajirinsa ne ya rubuta ta bayansa. Ko ma wane ne, da Girkanci ya yi rubutun, kuma masu karatunsa sun saba ganin sojan Roma a kan titi.

Kaya shida ya lissafa, kowanne da abin da yake wakilta: ɗamara ita ce gaskiya, sulke adalci, takalmi shirin kai bisharar salama, garkuwa bangaskiya, kwalkwali ceto, takobi kuma maganar Allah. A lura, abubuwa ne da ba a gani ko taɓawa aka ba su jiki na ƙarfe da fata. Wannan shi ne abin da muke kira abuntarwa a aji.

Marubucin bai ƙago hoton daga kansa ba. A Ishaya 59:17, Allah ne da kansa aka nuna ya sa adalci da ceto a matsayin sulke da kwalkwali. Ke nan abin da ake gaya wa mai bi shi ne, kayan na Allah ne, ba shi aka yi, ba ƙirar hannunsa ba ne. Kuma haɗin ba dawwamamme ba ne, domin a 1 Tasalonikawa 5:8 sulken ya koma bangaskiya da ƙauna. Don haka wanda ya dage sai ya gano dalilin da ya sa adalci ya zama na ƙirji ba na ka ba, ya ɗora wa siffantawar kayan da ba ta ɗauka ba.

Inda abin ya fi ba ɗalibin Hausa sha'awa shi ne fassara. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma a wannan yanki masu fassara ba su rasa kalmomi ba, saboda ƙasar Hausa tana da tsohuwar al'adar yaƙi. Sai dai hoton yakan sauya. Abin da sojan Roma ke sawa a ƙirji kalmar Girkanci ke nufi, amma Bahaushe in ya ji sulke, rigar zobban ƙarfe ta barade a hawan sallah yake hange. Haka garkuwa: kalmar asali tana da dangantaka da kalmar ƙofa, domin doguwa ce, ta katako da aka lulluɓe da fata, mai rufe kusan duk jiki. Sojoji kan jera irinta kafaɗa da kafaɗa su zama bango, wanda ya sa masu sharhi da yawa ke cewa maganar ta jama'a ce, ba ta mutum ɗaya ba. Nahawun ma ya nuna haka, don umarnin duk a jam'i yake.

Ɗamara ce ta fi zama daram a Hausa. Mukan ce wane ya ci ɗamara in ya shirya wa aiki, ko da ba yaƙi. Mai karatu bai buƙatar sharhi.

To, da wa ake yaƙin? Aya ta 12 ta kore ɗan Adam gaba ɗaya, ta ce abokan gaban ikokin mugunta ne na ruhu. A ƙasa irin tamu, inda rikicin addini ya ci rayuka, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk wanda ya karanta yankin a matsayin izinin ɗaukar makami a kan maƙwabcinsa ya mai da siffantawa zahiri, ya kuma tsallake ayar da ta hana shi. Haka wanda ya ɗauke shi kamar laya ko maganin ƙarfe, yana karanta sunayen kayan da safe don kada wani abu ya same shi, alhali gaskiya da adalci halaye ne da ake aikatawa.

A duba kuma abin da aka bari. Sojan Roma na riƙe da mashin jifa, amma babu shi a jerin. Makamin sara ɗaya ne tak, shi ma magana ce. Aikatau ɗin da aka yi ta maimaitawa a aya ta 11 da 13 da 14 shi ne tsayawa, ba kai hari ba. A aya ta 18 kuwa sai marubucin ya ajiye siffantawar, ya ambaci addu'a da sunanta, bai ba ta wani makami ba.