Tashar Mota Da Kasuwa: Ikon Ƙananan Hukumomi Kan Cunkoson Hanya

Cunkoson motoci a biranen Nijeriya asarar kuɗi ce tsantsa: mai yana ƙonewa mota na tsaye, tumatir yana ruɓewa kafin ya isa kasuwa, ma'aikaci kuma ba ya isa ofis sai rana ta take. To, wane iko ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan ke da shi wajen magance matsalar?

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu alhakin kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, gina titunan cikin gari da magudanan ruwa, da kuma bai wa kekuna da amalanke da baro da kwale-kwale lasisi. Manyan hanyoyi, inda cunkoson ya fi tsanani, galibi na gwamnatin tarayya ne ko na jiha, don haka ƙaramar hukuma ba ta da hurumin faɗaɗa su. Sai dai abin da ke toshe su, wato lodin fasinja da kasa kaya a bakin titi, yana hannunta.

Tsari nagari yakan fara ne da ƙidayar motoci safe da yamma, a gano inda fasinja ke hawa da sauka. Daga nan sai a janye tashar daga bakin babbar hanya, a raba ƙofar shiga da ta fita, a kuma ƙayyade wa manyan motoci lokacin sauke kaya, misali kafin gari ya waye. Duk wannan bai kai kuɗin gina gada ɗaya ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗin shiga. Hukumar da ke yanka wa kowace mota da kowane mai tebur tikiti kullum ba ta ɗokin tashin su, ko da kuwa a tsakiyar titi suke. Oshodi a Legas ta daɗe a toshe da 'yan kasuwa da ƙananan bas, kuma gwamnatin jihar ce ta share wurin a watan Janairun 2009, sannan aka buɗe babbar tashar zamani a can a 2019.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Idan kuɗin suka riƙa isa hannunsu, dogaro da tikitin bakin titi zai ragu, uzurin barin tasha a kan hanya kuma zai yi rauni.