Mantuwa Bayan Maganin Ciwon Daji: Gargaɗi Ga Jama'ar Ƙasar Yawuri

Ya ku 'yan'uwa na Yelwa da Birnin Yawuri da Wara da Shanga, da mazauna gungu da bakin tabkin Kainji, wannan takarda ta masu fama da ciwon daji ce da masu ɗawainiya da su. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Idan aka gano sankara a jikin mutum, galibi akan tura shi babban asibiti, ko na Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Shika a Zariya. A can ake ɗora shi kan maganin da ake kira kemo, wanda ake sawa cikin ƙarin ruwa, sau da yawa bayan mako uku-uku. Kowa ya san yana kawo zubewar gashi da amai da kasala. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mantuwa. Mace ta ɗora tukunya, ba ta tuna da ita sai ƙauri ya cika gida. Ta tsaya cikin salla tana kokwanton raka'a nawa ta yi. Wadda ta saba lissafin kuɗin albasarta da ka, yanzu sai ta ƙirga ta sake ƙirgawa. Daga nan dangi su fara raɗe-raɗi, wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce iska.

To, ku sani ba jifa ba ne, ba kuma hauka ba. Likitoci sun san da wannan yanayi, kuma ga mafi yawan mutane yakan ragu sannu a hankali cikin watanni bayan an gama magani, ko da yake wasu yakan daɗe musu. Ba ma kemo kaɗai ke kawo shi ba. Ƙarancin jini da rashin barci da zullumin ciwo da tunanin kuɗin asibiti duk suna da hannu.

Cikin magungunan sankarar mama akwai wani ja mai suna doksorubisin, wanda kan sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu. Yana haifar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙusar jirgin ruwa. Masu tare wannan ɓarna su ne sinadaran da ake kira antioksidan, irin su bitamin C da E. A shekarar 2008 masana a Jami'ar West Virginia ta Amurka suka ba ɓeraye maganin kemo, sai ƙwaƙwalwarsu ta yi rauni, amma waɗanda aka haɗa musu da antioksidan ba su yi ba. Labari mai daɗi, sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma ƙwaƙwalwa aka auna, ba warkewar ciwo ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Abin da ya kare lafiyayyar ƙwaya daga kemo, ana tsoron ya kare ƙwayar sankara ma. A ƙarshen 2019 aka fitar da wani bincike a Amurka kan masu sankarar mama 1,134. Waɗanda suka riƙa shan ƙwayoyin antioksidan kafin kemo da lokacinsa, haɗarin dawowar ciwonsu ya ɗara na sauran da kimanin kashi 41 cikin ɗari. An ga irin wannan alama ga masu shan bitamin B12 da ƙwayar sinadarin ƙarfe. Binciken bai yanke hukunci cewa ƙwayoyin ne suka jawo ba, amma ya isa mai hankali ya dakata.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mu mutane ne masu son maganin ƙarin jini. Da an ga majinyaci ya yi fari, sai a ruga kemis. Ga kuma masu tallar kwalabe a tasha da ranar kasuwa, kowa da lasifikarsa, magani ɗaya cuta casa'in. Idan likita ya auna jini ya rubuta maganin ƙarinsa, a sha. Idan mai talla ne ya rubuta da baki, a bar masa kayansa.

Abinci kuwa ba a hana ba, kuma Allah ya wadata ƙasar nan da shi. Ga zogale da yakuwa da kuka, ga tumatir da albasar bakin kogi, ga gwaiba da mangwaro a lokacinsu, ga karfasa da tarwaɗa daga tabki. Abin da ke cikin miya daidai wa daida ne, ba ya kai ƙarfin na kwalba. Sai dai a dafa kifi ya nuna sarai, a wanke ganye da ruwa mai tsabta, domin kemo na raunana garkuwar jiki. Saboda haka ma a kwana cikin gidan sauro, kuma da zazzaɓi ya zo a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Don rage wahalar mantuwa, a haɗa shan magani da lokutan salla, a ajiye littafi na rubuta ranar komawa asibiti, a ɗan taka da safe gwargwadon ƙarfi. Ku kuma 'yan gida, in majinyaciya ta sake tambayar abin da ta tambaya ɗazu, ku sake amsawa ba tare da tsaki ba.

Kada wanda ya katse kemo saboda mantuwa. Ranar komawa asibiti, ku tattara duk abin da majinyaci ke sha, na kemis da na gargajiya, ku zuba a jaka ku nuna wa likita, ku kuma gaya masa maganar mantuwar da bakinku.